Tocilar Da Za Ka Harhaɗa Da Hannunka

Duk gidan da ka shiga a ƙasar Dandume, in an yarda maka ka leƙa bayan akwati ko ƙarƙashin gado, da wuya ka rasa matacciyar tocila guda biyu ko uku. An saye ta ran kasuwa, ta yi haske wata ɗaya ko biyu, sa'an nan ta ɗauke. Maigida ya bubbuga ta a tafin hannu, ta ƙi. Sai a jefar da ita, a sayo wata. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin waɗannan tociloli ba safai ƙwan ne yake mutuwa ba. Yawanci makunni ne ya yi tsatsa, ko waya ta tsinke a ciki, ko kuwa batir ya zubar da ruwansa ya cinye ƙarfe. Ƙwan yana nan da ransa. Wanda ya san yadda zai ciro shi, ya kuma san ɗan lissafi kaɗan, yana iya harhaɗa tocilar da za ta fi ta kasuwa daɗewa, wadda in ta lalace ya san inda zai taɓa.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne kawai. Mu a nan noma ne aikinmu, masara da dawa da auduga, kuma inda hatsi yake nan ɓeraye suke, inda ɓeraye suke nan macizai suke zuwa. Kububuwa ba ta da girma, launinta irin na ƙasa ne, da magariba ta yi kuwa sai ta fito yawo. Yarinyar da aka aika bakin rumbu da dare, ko yaron da ya fita kewayawa ba takalmi, ba abin da ke tsakaninsu da ita sai haske. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Maganin dafin yana da tsada, ba kuma kowane asibiti ake samunsa ba, har akan kai mutane Kaltungo a Jihar Gombe dominsa. Ga kunama kuma, wadda ba ta raina kowa.

Wani zai ce, ai yanzu kowa yana da wayar hannu mai tocila. Gaskiya ne, amma wayar tana aljihun wa? Tana wurin maigida, shi kuwa yana dandali ko ya kai ta wurin masu caji. Uwargida da yara su ne a cikin duhu. Fitilar ƙwai da aci-balbal kuma sun zama na masu hali tun da gwamnati ta janye tallafin kananzir a 2016, balle hayaƙinsu da haɗarin gobara a ɗakin da yara suke karatu.

Mene ne wannan ƙwai?

Tocilar da iyayenmu suka sani tana da ɗan ƙwan gilashi mai siririyar waya a ciki. Wuta ta bi wayar, ta yi zafi, ta yi ja, ta ba da haske. Yawancin ƙarfin batir zafi yake zama, haske ɗan kaɗan ne. Ƙwan da ake kira LED ba haka yake ba. Ba abin da ke ƙonewa a cikinsa. Wani ɗan ƙanƙanin dutse ne da aka sarrafa, bai kai ƙwayar gero ba, wanda in wuta ta ratsa shi ta fuska ɗaya sai ya fid da haske kai tsaye. Tsohon ƙwan tocila yakan ja wajen mili-amfiya 300. Ƙaramin LED irin wanda za mu yi aiki da shi 20 yake bukata. Ka ga abincin ƙwai ɗaya na dā ya ishi goma sha biyar na yanzu.

An daɗe kafin a kai ga wannan. Wani Ba'amurke, Nick Holonyak, shi ya yi LED mai jan haske a 1962 sa'ad da yake aiki a kamfanin General Electric. Shi ne irin jan ɗigon nan da muke gani a jikin rediyo. Daga baya aka sami kore da rawaya, amma shuɗi ya gagara har wajen shekara talatin, kuma in ba shuɗi ba za a sami fari ba. Mutum uku na ƙasar Japan suka warware wannan: Isamu Akasaki da ɗalibinsa Hiroshi Amano a Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura na kamfanin Nichia, wanda ya fito da shuɗi mai ƙarfi a 1993. A 1996 farin LED ya shiga kasuwa. In ka duba cikin farin ƙwai da rana za ka ga ɗan ɗigo rawaya. Wani gari ne aka shafa a kan shuɗin, shi ke juya wani kashi na hasken ya zama rawaya, su haɗu ido ya ga fari. An ba mutanen nan uku lambar Nobel a 2014, masu ba da lambar kuma suka ambaci mutane sama da biliyan 1.5 da ba su da wutar lantarki, suka ce za su ci moriyar abin ƙwarai. Mutanen ƙauyukanmu suna cikin wannan lissafi.

Kafin ma a ba da lambar, samarinmu sun riga sun gane amfaninsa. Wajen ƙarshen mulkin Shugaba Olusegun Obasanjo, wanda ya sauka a 2007, wata fitila ta bazu a Kano da sauran garuruwan Arewa. Ɗan akwatin katako ne mai ɗaukar batir uku, da sanda a tsaye, da tsohon faifan sidi wanda aka huhhuda aka jera ƙwayayen LED a fuskarsa. Mutane suka laƙaba mata suna “Obasanjo ya kasa”, saboda alkawarin wuta da bai cika ba. Ba siyasa ta kawo mu ba, amma ya kamata a yaba wa waɗanda suka ƙago ta. Ba injiniyoyi ba ne, da tarkace suka yi ta, masu shayi da masu tsire da 'yan makaranta kuwa sun more ta ƙwarai.

Sai dai tana da aibi guda, shi ne kuma dalilin wannan rubutu.

Tunkiya a bakin buhu

Duk mai kiwo ya san abin da ke faruwa in tunkiya ta sami buhun dawa a buɗe. Ba ta san ƙoshi ba. Za ta ci har ciki ya kumbura, wata ma ta mutu. Halin LED ke nan. Farin ƙwai yana fara aiki sosai a wajen bolt 3 zuwa 3.2. In ka ƙara masa kaɗan a kan haka, ba kaɗan zai ƙara ja ba, ninkawa zai yi. Batir ɗaya bolt 1.5 ne, uku a jere 4.5 ke nan. Masu yin fitilar faifai suna haɗa ƙwayayen da batir kai tsaye ba wani abu a tsakani. Daren farko haske kamar rana, mai saye yana murna. Bayan 'yan makonni sai ƙwai ɗaya ya koma shuɗi-shuɗi, ya fara ƙyaftawa, ya mutu. Da ya mutu, rabonsa na wuta ya koma kan 'yan'uwansa, su ma su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sa ma suke kai makonni shi ne batura masu araha ba su iya tura wuta da yawa. Ran da ka sa musu batir mai kyau, ran nan ajalinsu ya matso. Tociloli masu araha na kasuwa ma da yawa haka aka yi su.

Maganin abin wani ɗan ƙaramin abu ne da masu gyaran rediyo suke kira rizisto. Bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, yana da ƙafa ta kowane gefe da zane-zanen launi a jikinsa. Aikinsa shi ne ya tsaya a hanya ya auna wa ƙwai abincinsa. Ana auna ƙarfinsa da om. Ga lissafin, ɗan aji shida ma zai iya. Batura sun ba da 4.5, ƙwai yana son 3.2, saura 1.3. Wutar da muke so ta wuce mili-amfiya 20 ce, watau 0.02 na amfiya. Raba 1.3 da 0.02, ka sami 65. Wanda ake sayarwa mafi kusa da haka shi ne mai om 68, zanensa shuɗi, ruwan toka, baƙi.

Ni dai shawarata a sa mai om 100, wanda zanensa ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa. Dalili na fari, sabon batir yakan ɗara 1.5 kaɗan, uku su kai wajen 4.8. Na biyu, da om 100 ƙwai zai ja wajen mili-amfiya 13 ne kawai, ido ba zai ga wani babban bambanci ba, amma batir zai ƙara kwanaki, ƙwan kuma ba zai yi zafi ba. Mutanenmu suna son tocila mai kashe ido, wadda za a haska daga nan a ga bakin gari. Mai neman maciji a gaban ƙafarsa ba wannan yake bukata ba, balle a irin zamanin da muke ciki, da ba kowa ke son a hango haskensa daga nesa da dare ba.

Kowane ƙwai a ba shi nasa rizisto. Kada a yi rowa a haɗa uku a kan ɗaya, gama ko ƙwayaye daga leda ɗaya suka fito, wani ya fi wani haɗama. Rizisto ba shi da gaba ko baya, ta ko'ina aka juya shi daidai ne. Ana samunsa wurin masu gyaran rediyo a Funtuwa ko Malumfashi, ko a ciro daga tsohuwar rediyo. Mai zuwa Sabon Garin Zariya ko na Kano ya sayo da yawa a raba, ba shi da tsada.

Yadda za a harhaɗa

A nemi guntun bututun roba irin na masu aikin famfo, mai faɗin milimita 40, tsawon santimita 25. Babban batir na rediyo, irin su Tiger Head, yana shiga cikinsa, uku a jere kuwa santimita 18 ne da ɗan kai. In batura suna girgiza a ciki sai a naɗe su da takarda. In ba bututu, gora mai faɗin rami ma ta yi. Sai ƙwai uku, rizisto uku, makunni, da sifirin na gindin tsohuwar tocila, da waya siririya kamu biyu, da salatif.

Da fari a gwada ƙwayayen. LED yana da ƙafa biyu, doguwa da gajeriya. Doguwar ita ke zuwa wajen kan batir mai ɗan tudu, inda aka sa alamar +. In ƙwan daga tsohuwar tocila aka ciro shi, ƙafafun sun zama daidai, sai a duba gindinsa: gefen da aka ɗan shafe ya zama a miƙe, nan ne ƙafar da ke zuwa gindin batir. A haɗa batir biyu, a taɓa. In bai kama ba a juya shi. Juyawa a wannan ɗan ƙarfi ba ta kashe shi. Amma kada a gwada da batir uku ba rizisto, ko da na ƙiftawar ido ne.

A yanka faifai biyu na roba mai kauri ko na falanki, daidai bakin bututu. A na farko a huda ramuka uku da ƙusa mai zafi, kamar duwatsun murhu, a cusa ƙwayayen su leƙo waje. Ta baya, kowace doguwar ƙafa a murɗa ta da ƙafa ɗaya ta rizisto. Sauran ƙafafun rizisto uku a haɗa su wuri ɗaya. Gajerun ƙafafun ƙwai uku su ma a haɗa su wuri ɗaya, a ɗaura musu waya. A nan ne ake bukatar haƙuri: tarin dogaye da tarin gajeru kada su taɓa juna ko kaɗan. A naɗe kowanne da salatif.

A faifai na biyu a sa ƙusa mai zare a tsakiya, kanta yana duban batura, domin ita ce za ta taɓa ɗan tudun batir na gaba. A bayanta a ɗaure tarin ƙafafun rizisto. A tura faifan nan cikin bututu kamar santimita 4, a tokare shi da ƙananan ƙusoshi biyu da aka soka ta gefen bututu, don kada sifirin ya turo shi waje. Sa'an nan faifan ƙwayaye ya rufe baki. Wayar gajerun ƙafafu ta fito ta wani ɗan rami a gefe, ta shiga makunni, daga makunni wata waya ta gangara ta bayan bututu har gindi, ta kama sifirin. Sifirin ɗin a kafa shi a kan toshiyar katako, a soka ƙusa ta ratsa bututu da katakon, yadda in za a sake batir sai a zare ƙusa kawai. Daga ƙarshe a yanko roba daga tsohon tif na keke a naɗe jikin duka. Tana rufe waya, tana hana santsi, in tocila ta faɗi kuma tana rage mata buguwa.

Murɗa wayoyi da filaya ya isa a fara. Amma liƙin dalma ya fi ƙarko, mai gyaran rediyo kuwa zai yi maka shi cikin minti kaɗan. In kai za ka yi, ka riƙe ƙafar ƙwai da filaya tsakanin ƙwan da wurin liƙi, kada kuma ƙarfen ya wuce ƙirga uku a kanta, gama zafi yana kashe LED. Yara su yi yanka da murɗi, babba ya riƙe ƙarfe mai zafi. Bayan an gama kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci. Dalma guba ce. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400. Ɗan liƙin tocila bai kai wannan ba ko kusa, amma ba abin sa wa a baki ba ne.

Ƙwai uku a kan manyan batura uku za su ba da haske sa'o'i 60 ko fiye. Hasken ba ya ɗaukewa farat ɗaya, a hankali yake raguwa, saboda haka mutum yana samun gargaɗi tun da sauran lokaci.

Ta karatu dabam take

Tocilar hanya tana tattara haske wuri ɗaya, gama kan ƙwan nan mai kumburi gilashin tattarawa ne da kansa. Shi ya sa faifan sidi na fitilar da muka ambata ado ne ya fi yawa a cikin aikinsa, haske gaba yake tafiya, kaɗan ne ke komawa baya balle faifai ya maido shi. Ga karatu kuwa wannan tattarawa illa ce. Tana yin ɗigo mai ƙarfi a tsakiyar shafi, gefe duhu, ido ya gaji. Dabarar ita ce a goge kan ƙwan da samfefa har ya yi hazo, sai haske ya bazu. Ko kuwa a kifa farar robar magani marar rubutu a kan ƙwayayen. In an rataye irin wannan a bisa tabarma, kamu biyu daga ƙasa, yara uku za su yi aikin gida a ƙarƙashinta, iyali kuma su yi karatun yamma ba mai tari saboda hayaƙi. Na lura a aji, yaran da ba su yi aikin gida ba, in ka bi sawu, sau da yawa ba ƙiwuya ba ce, tocila ɗaya ce a gidan kuma an fita da ita. Shugabannin ƙungiyoyin yara maza da mata na ikilisiya da ke neman aikin hannu na ranar Asabar, ga shi nan.

Batirin tsohuwar wayar hannu fa? Yana yi, kuma yana da daɗi tun da ana sake cajinsa. Ƙarfinsa bolt 3.7 ne, in ya cika 4.2, saboda haka rizisto mai om 47 ko 68 ya dace da shi. Amma a nan ina jan kunne. Irin wannan batir yana kama wuta. Wanda ya kumbura a rabu da shi. Kada a huda shi, kada a ɗora masa ƙarfe mai zafi, kada a bar waya ta haɗa bakinsa biyu, kada a yi cajinsa sai da abin da aka yi domin cajinsa, kuma ba a kan katifa ba. Busasshen batir na rediyo shi kuwa ba a cajinsa sam. Tocilolin nan da ake cusawa a bango kai tsaye su ma kada yaro ya buɗe su suna jikin wuta, gama wutar gidan tana iya kaiwa har wayoyin ciki. Kada kuma a kunna su suna caji. In batirinsu ya tsufa, wutar takan wuce kan ƙwayayen ta ƙone su gaba ɗaya.

Akwai wata dabara domin wanda hannunsa ya faɗa. Batirin da rediyo ta ƙi, wanda muke cewa ya mutu, yawanci da sauran wajen bolt 1 a cikinsa. Wani mai suna Kaparnik ya bayyana wani ɗan haɗi a wata mujallar Ingila a 1999, wanda ke tsotse wannan ragowa ya harba ta sama har ta kunna farin ƙwai da batir ɗaya tak. Mu ce masa ɓarawon batir. Ana bukatar ɗan baƙin zobe da ake samu a gindin mataccen ƙwan lantarki mai murɗaɗɗen gilashi, da taransisto mai lamba BC547 ko 2N3904, da rizisto mai om 1,000, zanensa ruwan ƙasa, baƙi, ja. Wajen ciro zoben a kula kada gilashin ya fashe, akwai guba a ciki. A naɗa siraran wayoyi biyu masu rufi tare a jikin zoben sau 20. Farkon ɗaya da ƙarshen ɗayar a haɗa su, su tafi kan batir. Sauran bakin guda ya bi ta rizisto zuwa ƙafar taransisto da ake kira B, ɗayan ya tafi ƙafar C. Doguwar ƙafar ƙwai a kan C, gajeriya a kan E, daga E kuma waya ta tafi gindin batir. Jerin ƙafafun ya bambanta tsakanin taransisto biyun nan, sai mai gyaran rediyo ya nuna maka wace ce wace. In an gama bai kama ba, kusan kullum bakin naɗi ɗaya ne aka juya, a musanya su. Haskensa bai isa tafiya gona ba, amma ya isa a bar shi a ɗakin yara ko na mai jego har gari ya waye.

Batirin da ɓarawo ya gama da shi ya mutu da gaske, kuma a lokacin ne ya fi saurin zubar da ruwa, saboda haka a cire shi da wuri. Haka ma tocilar bututu, in za ta yi mako biyu ba a taɓa ta ba, musamman da damina, a zare baturan a ajiye dabam. Matattun kuwa a tara su cikin gwangwani mai marfi inda yara da awaki ba su kaiwa, kada a jefa su a murhu, ko kusa da rijiya, ko cikin takin da za a kai gona.